Minti uku, waya ɗaya, babu wuƙa babu jini

Aikin da malamin ya ba su bai taka kara ya karya ba, a ganin su. Cewa ya yi kowane rukuni na mutum 6 ya je ya shirya farkon fim kawai, kada ya wuce minti 3 da rabi, kuma ya kasance irin fim ɗin nan da Turawa ke kira tirila. Nan take wani daga ƙarshen aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tirela ta tallar fim ko ta ɗaukar siminti?" Aji ya kwashe da dariya. Malam ya bari su ka gama, sannan ya juya ga allo ya jera abubuwa 6: duhu, kiɗa mai tsinka zuciya, mugun da ba a ganin fuskar sa, wanda za a cuta, agogo, da tambayar da ba a amsa ba. Ya ce, "Waɗannan su ne ƙa'idojin gidan. Ku bi su. Wanda ya ga zai iya karya ɗaya, bismilla, amma ya zo da hujjar sa."

A cikin masu sauraren akwai wani yaro ɗan Badarawa, ɗalibin aikin jarida a wata babbar makaranta da ke cikin garin Kaduna, wanda ba a san shi da surutu ba. Ya kwafe abubuwan nan 6 a bayan littafin sa, ya daɗe ya na kallon su. Daga baya ya shaida wa abokan sa cewa abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk cikin jerin babu abin da ya fi ba shi tsoro a duniya.

Kafin a kai ga wannan, mai karatu, bari a raba aya da tsakuwa, domin da yawa su na haɗa tirila da abin da ba ita ba. Fim ɗin ban tsoro daban ya ke, shi ne na aljanu da fatalwa da mayu. Fim ɗin daka ma daban, irin wanda 'yan Chana su ka saba wa yara da shi. Ita tirila fim ɗin zullumi ce. Ba abin da ya faru ke riƙe ɗan kallo ba, abin da ya ke gab da faruwa ne. Mutum zai zauna a bakin kujera, abinci na hucewa a gaban sa, ya na ji kamar ya shiga cikin talbijin ya ja kunnen ɗan wasan.

Wanda duniya ta sallama wa a wannan fanni shi ne Alfred Hitchcock, darakta ɗan Ingila da ya yi suna a Amurka. A doguwar hirar da François Truffaut na Faransa ya yi da shi a 1962, ya kawo wani misali da har gobe ake koyar da shi. Mutum biyu na hira a kan tebur, kwatsam bam ya tashi. 'Yan kallo za su firgita na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in da tun farko an nuna musu an ɗana bam ɗin a ƙarƙashin teburin, kuma sun san lokacin tashin sa, to hirar banzar da mutanen ke yi sai ta zama azaba, kowace kalma ta na cin rai. Sirrin ke nan: a bar ɗan kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba.

Orson Welles ya aikata hakan ƙarara a farkon fim ɗin sa 'Touch of Evil' na 1958. Abin da ido ya fara gani shi ne hannu ya na saita bam, a jefa shi a but ɗin mota, sannan kyamara ta bi motar cikin gari sama da minti 3 ba tare da an yanke ɗauka ko sau ɗaya ba. Masu kallon Indiya ma ba baƙin abin ba ne. Wa zai manta da 'Baazigar' na 1993, inda Shah Rukh Khan ya turo Shilpa Shetty daga saman bene, daga nan ɗan kallo ya riƙa jin sanyi a jikin sa duk lokacin da jarumin ya yi wa Kajol murmushi? Ko 'Kaun' na Ram Gopal Varma, 1999, wanda Urmila Matondkar ke gida ita kaɗai, baƙo na buga ƙofa, kuma babu rawa da waƙa daga farko har ƙarshe?

A finafinan Hausa kuwa, farkon fim bai cika zama wurin ɗana tarko ba. Wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda abin ya ke. Tun daga 'Turmin Danya' na 'yan Tumbin Giwa a 1990, zuwa 'Sangaya' a 1999 da 'Wasila' na Yakubu Lere da ya fito daga nan Kaduna a 2000, kasuwa ta tafi ne a kan soyayya da rikicin gida, daga baya ta rabu gida biyu, 'yan sentimental da 'yan camama. Ka saka kaset, tallar finafinai masu zuwa su ci rabon su, sunaye su yi ta hawa, maigadi ya wangale get, mota ta shigo, Alhaji ya zauna a falo ya ce, "Hajiya, ina yarinyar nan ta shiga?" Ba laifi ba ne, don ɗan kallo ya riga ya biya kuɗin kaset ɗin sa, babu inda za shi. Amma ba za a ce ba a taɓa gwada zullumi da Hausa ba. 'Ƙasarmu Ce' na Saddiq Balewa, wanda ya fito a 1991, labari ne na attajirin da ya gano duwatsu masu daraja a ƙasar wani ƙauye ya shiga ƙulla yadda zai mallake ta, har da kisan kai a ciki. Hanya ce da aka share, sai dai ba ta samu masu bi da yawa ba.

To, ranar da aka kawo aiki, rukuni-rukuni su ka riƙa fitowa. Kusan duk tafiyar ɗaya ce. Dare ne, kango ne a bayan Malali ko wani lungu a Unguwar Shanu, ga yarinya ta na waiwaye, ga takalmin wani ƙato ya na taka ƙasa a hankali, ga wuƙa ta na ƙyalli, ga kiɗan da aka tsinto a intanet ya na dukan dodon kunne. Jinin ma an yi ƙoƙari, wasu zoɓo, wasu tumatirin gwangwani. Sun bi allo sau da ƙafa, kuma wasun su sun yi kyau ƙwarai. Aji ya yi tafi, ya yi shewa, aka riƙa kiran sunayen 'yan wasan ana tsokanar su.

Sai aka zo kan na ɗan Badarawa.

Babu sunan kowa a farko. Hantsi ne, rana ta fito tarwai. Ga wata ƙaramar mota a gefen hanya, ƙofofin ta huɗu duk a buɗe, fitilar sigina na ta ƙiftawa ita kaɗai. Babu mutum ko ɗaya. Babu abin da ake ji sai kukan kurciya da ƙas-ƙas ɗin siginar. Kyamara ta matso a hankali ta leƙa kujerar baya. Akwai ƙunshin guzuri a ɗaure da ƙyallen atamfa mai ruwan ɗorawa da zanen ganye. Daƙiƙa 20 ke nan.

Aka yanke. Abin da ya cika fuskar allon shi ne wannan atamfar dai, mai ruwan ɗorawa da zanen ganye, amma yanzu zani ce a jikin wata mata da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, ta na tsintar shinkafa a tire. Ba a nuna fuskar ta. Injin markaɗe na maƙwabta ya cika unguwa da ƙara. Wata 'yar yarinya da ke wasa da murafun kwalba ta ɗaga murya ta ce, "Umma, Yaya ya sauka?" Matar ta ce, "Wa ya san masa? Kin san halin yaron nan, sai ya ga dama ya ke kira."

Can a kan turmin da aka kife, wata ƙaramar waya mai tocila ta kama haske ta na rawa. Kyamara ta je kan ta. Lamba ce babu suna. A saman kusurwa kuma alamar batir ta koma ja, saura ƙiris. Injin markaɗe ya danne ƙarar, har kiran ya katse. Ya sake shigowa. Wannan karon yarinyar ta gani, ta miƙa hannu, sai ta tuna an hana ta taɓa waya, ta janye ta koma kan murafun ta. Ya sake katsewa. Sai injin ya mutu. Unguwa ta yi tsit. A cikin wannan shirun kira na 3 ya shigo, ƙarar kamar za ta fasa gidan.

Matar ta ce, "Alhamdu lillahi, ya sauka." Ta ajiye tire a ƙasa, ta goge hannu a zani, ta taka zuwa turmin. "Salamu alaikum." Shiru. Kyamara ba ta ɗaga sama ba, ta tsaya a kan ƙafafun ta da tiren da ke bayan ta. Kaza ɗaya ta matso ta sa baki a shinkafar. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Matar ba ta kore su ba. Allo ya yi baƙi.

Babu wanda ya yi tafi. Wata ɗaliba a layin gaba ta ce "Innalillahi" a hankali, ta kife kan ta a tebur.

Duk wanda ya natsu zai ga cewa yaron bai yi wa ƙa'ida tawaye kamar yadda ake zato ba. Ƙashin bayan aikin nasa na Hitchcock ne tsantsa. Motar nan ita ce bam ɗin ƙarƙashin tebur, atamfar ce igiyar da ta ɗaure ta da gidan, ba tare da an ce uffan ba. Daga wannan lokacin ɗan kallo ya riga uwar sanin abin da ke cikin wayar, shi ya sa kalmar "ya sauka" ta ke sukar zuciya. Kira ukun ma tsohuwar dabara ce ta jan rai: a kusa, a fasa, a kusa, a fasa. Agogo kuma ya na nan, sai dai ba a bango ya ke ba. Batir ɗin da ya koma ja shi ne agogon, kuma duk wanda ya taɓa kwana biyu babu wuta ya san saurin gudun sa. Tambayar ƙarshe ma an bar ta a buɗe: wa ya kira, me ya ce, yaron na raye?

Inda ya kauce wa allo wuri uku ne. Na farko, ya ƙi duhu. Hujjar sa ita ce a fim ɗin Turawa dare ne gidan tsoro, amma a nan mutane sun ga an tare hanya da rana tsaka, saboda haka hasken rana bai zama kariya ga kowa ba. Ko shi Hitchcock ɗin ya taɓa yin haka a 'North by Northwest' na 1959, inda jirgin feshin gona ya fafari Cary Grant a fili fetal da rana ƙiri-ƙiri. Na biyu, ya ƙi kiɗa. Injin markaɗen ne ya yi masa aikin fiyano, kuma mutuwar injin ta fi kowace ganga ƙarfi. Nan ma akwai magabaci, don 'The Birds' na 1963 babu kiɗan da aka saba ji a cikin sa, kukan tsuntsaye ne da shiru. Na uku, babu mugu kwata-kwata, ko takalmin sa ba a gani ba. Lamba ce kawai.

Akwai kuma abu na huɗu da ba ya cikin jerin malam, wanda sai Bahaushe zai kama shi. A ƙa'ida, farkon fim kan yi sauri ya sanar da sunan wanda za a damu da shi, don ɗan kallo ya riƙe. A nan har aka gama ba a ji sunan matafiyin ba. Ƙanwar sa ta ce Yaya, uwar ta ce "yaron nan". Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo cewa ɗan fari ne, wanda alkunya ta hana uwa kama sunan sa ko nuna ɗokin sa a gaban mutane. Shi ya sa ta ke magana kamar ba ta damu ba, alhali kunnen ta na kan turmin tun safe. Jarumar ma ba budurwa ba ce mai kwalliya, dattijuwa ce da kaushi a dunduniya.

Gaskiya dai ba duka hikima ce ta kawo ba, wani abin larura ce. Matar da ta fito gwaggon ɗaya daga cikin 'yan rukunin ce, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Da aka je roƙon ta, cewa ta yi, "Ni da jikoki na za ku sa a fim? To, zan yi muku don karatun ku ne, amma kada in ga fuska ta." Yaron ya kwana ya na tunanin yadda za a nuna tashin hankalin uwa babu fuska, babu hawaye. Da safe ya na zaune a tsakar gidan su ya ga kaji sun yi wa tiren mahaifiyar sa caa da ta shiga ɗaki ɗauko abu, ta fito da gudu ta na korar su. Nan ya samu amsar sa. Macen da ta bar kaji su na cin shinkafar da aka auno da tsada, ba ta cikin hayyacin ta.

Kayan aikin su waya biyu ne. Ɗaya ta ɗauki hoto, ɗayar aka cusa ta cikin safa aka ɗaura a sandar mofa don ɗaukar sauti. Farin kwali ya zama abin maido da haske. Editin a kan waya aka yi shi da CapCut, a wani shagon cajin waya da ke kusa da kasuwar Kawo. Wannan ba sabon abu ba ne a garin. Matasan nan da ake kira The Critics da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle su ka fara a 2016, labarin su ya zagaya duniya a 2019, har J.J. Abrams, daraktan da ya yi 'Star Wars', ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Rashin kyamara ya daina zama uzuri.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne fitowar motar. Sun aro ta ne daga wani ɗan'uwa, su ka kai ta wata hanya marar cunkoso a wajen Rafin Guza, su ka buɗe ƙofofin, su ka koma gefe don kada inuwar su ta shiga. Ba a yi minti 5 ba wani mai babur ya hango, ya yi kwana da gudu. Kafin ka ce kwabo mutane sun fara fitowa, wasu da sanduna. Da kyar aka fahimtar da su da katin makaranta. Wani dattijo mai carbi a hannu ya dubi yaron ya ce, "Samari, wannan abin shi ne ya zama abin wasa a wurin ku?" Yaron ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, Baba, kuskure ne, da mun fara zuwa wurin mai unguwa." Dattijon ya ce, "Ba izinin ba ne damuwa ta." Ya juya ya tafi.

Maganar ta zauna masa, domin ya san daga inda ta fito. Garin da ya ga an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a daren 11 ga Maris, 2021, garin da ya ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, wanda sai 5 ga Oktoba aka sako mutum 23 na ƙarshe, ba a koya masa ma'anar baƙuwar lamba. Tambayar dattijon ma ba shi kaɗai ke yin ta ba. A Satumba 2021, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, lokacin Isma'il Na'abba Afakallahu na shugabantar ta, ta sanar da hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa dalilin cewa su na iya koya wa matasa. Ko mutum ya yarda da wannan mataki ko bai yarda ba, akwai abin dubawa: fim ɗin da ya nuna ɗan bindiga da rawani da tabarau ya na busa hayaƙi, kiɗa na tashi a bayan sa, ya riga ya mai da shi jarumi ko da a ƙarshe an kashe shi. Na yaron nan bai ba mugu ko daƙiƙa ɗaya ba. Duk mintocin na masu jira ne.

Abin da 'yan ajin ba su sani ba sai daga baya shi ne, yaron ba a littafi ya karanto tsakar gidan nan ba. A shekarun da hanyar Birnin Gwari ta fi ƙamari, an tare motar da babban wan sa ke ciki. Kwana 40 da 'yan kai gidan su na rayuwa a kan waya ɗaya. Ita ake fara kai wa caji kafin a sayi cefane. Ba a barin ta ta yi nisa da matashin mahaifiyar su. An sayar da fulotin da mahaifin su ya bari a Rigachikun, dangi sun yi karo-karo, wasu da ake ganin na jiki ne sun daina ɗaga waya. Allah ya sa wan ya dawo da ran sa. Amma har yau in waya ta yi ƙara a gidan lokacin cin abinci, sai kowa ya tsame hannun sa.

A aji an yi musu sosai. Wani ya miƙe ya ce, "Malam, gaskiya wannan ba tirila ba ce. Ina kiɗan? Ina mugun? Mu da mu ka bi abin da ka rubuta fa?" Wata ta ce ita a ganin ta farkon ya yi sanyi, a YouTube mutum ba zai jira kaza ba, zai wuce. Maganar ta akwai ƙamshin gaskiya, don tun da kasuwar kaset da sidi ta mutu aka koma dogon zango, irin su 'Izzar So' da 'Labarina' da su ka fara a 2020, ɗan kallo ya samu 'yancin guduwa da yatsa ɗaya, kuma YouTube na nuna wa mai tasha adadin waɗanda su ka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Sai dai a daƙiƙa 30 na yaron an riga an ga motar, an ga atamfar sau biyu. Wanda ya gane, ba ya iya tafiya.

Malam bai ce wane ya fi wane ba. Tambaya ɗaya ya yi: "A cikin duk abin da mu ka kalla yau, a wanne ne ku ka daina dariya?" Babu wanda ya amsa. Ya ce wa yaron, "Ka karya uku, ka riƙe uku, kuma ka san dalilin kowanne. Amma sautin ka na farko akwai iska a ciki, kuma ba ka sa suna ba. Fim babu suna, jariri ne ba a yi masa raɗa ba." Yaron ya ce, "Malam, ban samu sunan ba tukuna."

Alƙalin da ya fi jin tsoro ba a makaranta ya ke ba. Sati guda ya na ɗauke da fim ɗin a aljihu kafin ya iya nuna wa mahaifiyar sa. Bayan sallar isha'i ne, ta na kan darduma, ya zauna a gefe ya ce, "Umma, ga aikin makarantar da na ce miki." Ta karɓi wayar ta riƙe nesa da ido kamar yadda ta saba. Da aka nuno motar ba ta ce komai ba. Da aka nuno zanin, sai ta gyara zama. Da kira na 3 ya shigo, ta miƙa masa wayar ta tashi ta shiga ɗaki. Ya zauna nan ya na jin kamar ƙasa ta tsage, maganar dattijon Rafin Guza na yi masa amsa-kuwwa.

Sai da gari ya waye, ta na dama koko, ta yi maganar ba tare da ta dube shi ba. "Na ƙarasa kallon abin ka da asuba, ƙanwar ka ta kunna min." Ya ce, "Ki yafe ni, Umma." Ta ce, "Ba laifi ka yi ba. Amma akwai gyara. Matar nan a tsaye ka bar ta. Ƙafa ba ta ɗaukar mutum a wannan lokacin, ni a ƙasa na tsinci kai na." Ta ci gaba da damun ta. Can ta ƙara da cewa, "Kuma ba shiru na yi ba. Sunan sa na kira. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunan nan ba sai ranar. Har maƙwabta sun ji."

Yaron bai san wannan ba, don ranar ya na makaranta. Shi da ya ke ganin ya gina farkon fim ɗin sa a kan alkunyar uwa, ashe bai san inda alkunyar ta ke karyewa ba. Ya karya ƙa'idar Turawa ya kafa tasa, ita kuma Umma ta karya tasa da magana biyu.

Ya koma wurin gwaggon nan da 'yar wayar sa a cikin safa. Hoton bai taɓa ba, kajin na nan, ƙafafun na nan. Abin da ya ƙara daƙiƙa 4 ne bayan allo ya yi baƙi: ƙarar jiki ya na zubewa a ƙasa, sannan muryar mace ta kira suna sau ɗaya. Ba sunan wan sa ya sa ba. Gwaggon sai da ta yi ɗauka 6 kafin ta iya, don ita ma ta ce bakin ta nauyi ya ke yi, sunan ya zo ɗaya da na ɗan farin yayar ta.

Furodusoshi da daraktocin da ke cewa labari ya ƙare a ƙasar Hausa sai an wanko na Indiya, da za su samu minti 3 da rabi su kalli irin wannan, da sun rage faɗin haka. Yaran nan ba su da kuɗin hayar gida a Unguwar Rimi, ba su da jarumi mai suna, amma sun san abin da ke hana unguwar su barci, kuma sun fara gano yadda ake ɗaukar sa ba tare da an ci mutuncin waɗanda abin ya shafa ba. In an ja su a jika, industiri ce za ta ci riba.

Shi kuwa wan, har yanzu bai kalla ba, kuma babu wanda ya matsa masa. Ya dai ji labari a gida. Wata rana da yamma su na zaune a ƙofar gida ya ce wa ƙanen, "An ce ka yi fim." Ya ce, "Farkon ne kawai, Yaya." Wan ya yi shiru, sannan ya ce, "In za ka ƙarasa, kada ka shiga dajin. Ka tsaya a gidan. Abin da aka yi a gida ni ban gani ba." Har ƙanen ya miƙe zai shiga, ya sake kiran sa. "Wane kiɗan waya ka sa?" Ƙanen ya faɗa masa. Ya ce, "Canza shi. Irin na Umma ne."

A daren ya canza. Sunan fim ɗin dai har yau bai samu ba.